Oto ko saitin hannu: da wanne sabon mai ɗaukar hoto zai fara?

A saman yawancin kyamarorin da masu koyo ke saya akwai wani ɗan faifai da ake murzawa da yatsa. A kan ta Canon an rubuta masa P, Tv, Av da M, a kan ta Nikon kuma P, S, A da M, sannan ga wata koriyar alama guda da masu hoto ke kira oto. In faifan ya tsaya kan koriyar alamar, kyamara ce ke yanke komai, mai ita sai dai ya auna ya latsa. In aka kai shi kan M, ta janye hannunta ke nan, duk abin da ya fito aikin mutum ne, ko ya yi kyau ko ya ɓaci. A kan wannan ɗan faifai ne masu sana'ar hoto suka rabu biyu, kuma rabuwar ta fi zafi idan maganar sabon shiga ake yi. A Suleja, inda ƙarshen mako ba ya wucewa ba ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar karatu, saurayin da ya tara kuɗi ya sayi Canon 600D ko Nikon D3100 ta hannu zai ji shawara iri biyu tun bai gama cajin batir ba. Wani zai ce masa ya bar ta a oto har idonsa ya buɗe. Wani zai ce in ya kuskura ya saba da oto, ya zama mai latsa maɓalli har abada.

Abin da ake jayayya a kai abu uku ne, kuma duk sun shafi yawan hasken da hoton zai fito da shi. Na farko faɗin ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake rubutawa da f: f/1.8 ƙofa ce a wangale, haske da yawa, bayan mutum ya narke ya zama dishi-dishi. F/16 ƙofa ce tsukakkiya, haske kaɗan, amma na gaba da na baya duk su fito tas. Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da ƙofar ke a buɗe: 1/30 na daƙiƙa yana jan motsi ya shafe shi, 1/1000 yana tsayar da shi cak. Na uku ISO, wanda ake ɗagawa idan haske ya yi ƙaranci, daga 100 zuwa 1600 ko 6400, sai dai hoton yakan fara tsaki-tsaki. Kowane mataki a cikin ukun ninka haske yake ko raba shi biyu, saboda haka duk abin da aka ƙara a ɗaya sai an rage a wani. Tambayar ita ce wa zai yi wannan lissafi a watannin farko, yaro ko na'ura.

Abin da 'yan oto ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce hoto a ido yake, ba a lambobi ba. Sabon shiga yana da abubuwan koyo da suka fi f da ISO gaggawa: inda zai tsaya, abin da zai bari a cikin hoto da abin da zai fitar, yadda zai lura da turken lantarkin da ke neman tsirowa daga kan ango, lokacin da zai latsa kafin murmushin amarya ya koma na dole. Wanda hankalinsa ke kan faifai ba ya ganin waɗannan. A wurin kamu ko ɗaurin aure ba a maimaita abu don mai hoto. Liman ya shafa fatiha, an watse, wanda ya tsaya gyara saiti ya tashi a tutar babu. A bari ya huce, in ji su, shi ke kawo rabon wani, kuma wanin nan shi ne yaron da ke gefe da waya.

Suna kuma da tarihi a hannu. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak ta farko a Amurka, akwati ne mai ɗauke da fim na hoto 100, ka latsa ka gama ka mayar wa kamfani ya wanke maka. Daga nan ne ɗaukar hoto ya fita daga hannun 'yan tsiraru. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma ma da irin waɗannan akwatunan suka fara. Seydou Keïta na Bamako da Kodak Brownie ya soma, wadda kawunsa ya ba shi a 1935, kafin ya buɗe situdiyonsa a 1948. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya shahara da hotunan kitson matan Najeriya, Brownie ya saya a 1950. Kyamarori ne da kusan babu abin saitawa a jikinsu, kuma ba su hana mutanen nan zama abin da suka zama ba. Daga baya kamfanoni suka yi ta zuba ilimi a cikin na'urar kanta: Canon A-1 ta 1978 tana zaɓar ƙofa da ƙiftawa da kanta, Minolta 7000 ta 1985 tana nemo kaifin hoto da kanta. To don me za a sayi aikin injiniyoyi na shekara hamsin, sannan a kashe shi a ce sai yaro ya yi da ka?

Hujja ta uku ta fi sauran wayo. Kyamarar zamani tana rubuta saitin kowane hoto a jikinsa. Mai koyo na iya yini yana ɗauka a oto, da dare ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ga cewa a bakin Kasuwar IBB da rana tsaka ta zaɓi ƙofa tsukakkiya da ISO 100, a cikin zaure kuma ta wangale ƙofa ta ɗaga ISO. Ashe oto ma malami ne ga mai son karatu. Suna ƙarawa da cewa da yawa daga waɗanda aka tilasta wa M tun ranar farko sun ɗauki hotuna baƙi ƙirin ko fari fat na mako biyu, zuciyarsu ta karye, kyamara ta koma cikin jaka.

Martanin 'yan saitin hannu

Waɗannan ba su musun cewa kyamara na da wayo. Abin da suke cewa shi ne wayonta na wani wuri ne, kuma a nan ne hujjarsu ta fi nauyi. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da yake kallo ba. An gina shi ne a kan zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabansa, farinsa da baƙinsa, zai ba da toka-toka mai matsakaicin haske, wanda masana ke ƙiyastawa da kusan kashi 18 cikin 100. Duk abin da aka nuna masa, can yake jan sa. Yanzu a tsayar da dattijo a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, da farar babbar riga ta shadda da ta sha guga, da farin rawani, rana tana bisa kai. Farin ya cika hoton, ma'auni ya ga haske ya yi yawa, ya rage. Rigar ta fito kamar an wanke ta da ruwan toka, fuskar da ke ƙarƙashin inuwar rawani kuma ta nutse, sai fararen idanu kawai. A matso kusa a cika hoton da fuskar baƙin mutum, sai kuskuren ya juya: ma'auni ya ga duhu, ya ƙara haske, fata ta fito fari-fari kamar mai fama da hunturu. A ƙasar da farar riga da baƙar fata ke haɗuwa a hoto ɗaya kowace rana, zaton kyamara yakan kauce fiye da yadda littafin da ke cikin kwalinta ya nuna.

Wannan matsala tana da tsohon tarihi. Daga shekarun 1950 Kodak ta riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launi, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno, Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka da abubuwa da dama, ciki har da gyara kyamarorin wayoyinsa don su fito da baƙar fata. Google ma sai a 2021 ya yi shelar irin wannan gyara a wayarsa Pixel 6. Amma kyamarar da ɗan Suleja ke iya saya ta hannu sau da yawa ƙirar 2010 ce ko 2011, ta riga wannan gyara na wayoyi. In bai koyi gyara mata da hannu ba, ba mai gyara masa.

Sai kuma motsi. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau Suleja, mahaya suna tahowa a sukwane don jafi, ƙura ta tashi, la'asar ta yi sanyi. Oto ba ta san doki zai zabura ba. Tana iya zaɓar 1/125 don haske ya wadata, ƙafafun doki da bakin alkyabba su shafe. Wanda ya san aikinsa tun kafin a fara ya ɗaure ƙiftawa a 1/1000, ya bar ISO ta ɗauki nauyin. Haka a ɗakin dina, inda fitilu masu launi ke juyawa: oto takan ɗaga ƙaramar filashar da ke kan kyamara, wadda haskenta bai wuce 'yan taku ba, na gaba ya yi fari fat, na baya ya ɓace cikin duhu. Wasu fitilun zamani kuma suna kyaftawa daidai da bugun wutar lantarki, wanda a Najeriya sau 50 ne a daƙiƙa, sai hoto ko bidiyo ya fito da ratsi-ratsi; maganinsa a sa ƙiftawa a 1/50 ko 1/100, abin da mai oto ba shi da ikon yi.

Daga nan suke kawo maganar abinci. Kowane baƙo a wurin biki da waya a aljihunsa, kuma wayar yau tana ɗaukar hotuna da yawa a latsawa ɗaya ta haɗa su, har takan fi tsohuwar kyamara da aka bari a oto kyawun hoto a kan allo. In abin da mai hoto zai kawo bai wuce na ƙanwar amarya ba, don me za a biya shi? Abin sayarwarsa shi ne abin da ya sani: narkar da baya da gilashi mai 50mm a f/1.8, harba filasha zuwa silin don haske ya sauko a hankali, fito da aikin zaren da ke wuyan riga ba tare da fuska ta nutse ba. Game da Keïta kuma, suna tunatar da cewa hotunan da suka ɗaukaka shi da babbar kyamara mai ƙafa ya ɗauke su, wadda ba ta yin komai da kanta, yawanci a tsakar gida da hasken rana.

Inda 'yan oto suka samu kafa

Amsarsu gajeriya ce amma tana da cizo. Suka ce a je a leƙa ta bayan yawancin masu alfahari da M a ga abin da suke yi. A cikin tagar kyamara akwai ɗan layi mai sifili a tsakiya, suna murza faifai har alamar ta zauna kan sifilin, sai su latsa. Wannan sifilin kuwa shi ne ainihin abin da oto za ta zaɓa. Wato oto suke yi da hannu, a hankali, suna kuma rasa hotuna a kan hanya. Kuskuren farar riga yana nan daram, an dai ƙara masa wahala. Suka ƙara da cewa ƙwararrun masu hoton jarida da na wasanni da yawa ba a M suke yini ba. A Av ko Tv suke, inda mutum ke riƙe abu ɗaya da ya dame shi, kyamara ta cike sauran.

Tace hujjoji

A ganina wannan amsa ta ƙarshe ita ta tona inda gardamar ta kauce. Bangarorin biyu suna faɗa a kan harafin da faifai zai tsaya, alhali abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin lokacin da ma'auni ya yi ƙarya da kuma ta wane gefe. Wanda ya san farar riga na sa kyamara rage haske zai gyara ko a M yake ko a Av, domin a Av akwai maɓalli mai alamar +/- da aka yi don haka: ya ƙara mataki ɗaya in fari ya cika hoto, ya rage kaɗan in duhu ya cika. Wanda bai sani ba, M ba za ta sanar da shi ba. Sai dai a nan 'yan saitin hannu sun ci rabin shari'a, domin a yawancin waɗannan kyamarori koriyar alamar tana kulle wannan maɓallin. Mai zama a kanta ba shi da bakin yi wa kyamara gardama ko da ya ga ta kauce. Don haka hujjar cewa oto malami ce tana da iyaka: tana nuna maka abin da ta zaɓa, ba ta gaya maka ta yi kuskure.

Akwai kuma abin da duka ɓangarorin ba su cika faɗa ba. Wani hasken ya fi ƙarfin kowane saiti. Suleja na kusa da digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, rana da azahar kusan a tsakar ka take, kuma tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da fuska a inuwar hula takan wuce abin da tsohuwar kyamara ke iya ɗauka a hoto guda. Ka ƙara haske fuska ta fito, aikin rigar ya ƙone. Ka rage, fuska ta tafi. Maganin a ƙafa yake da baki: a roƙi Alhaji ya matso inuwar rumfa, ko a kunna filasha da rana don ta cike inuwar fuska, ko a jira la'asar. Dutsen Zuma ma haka. Wanda ya tsaya a Madalla cikin hazon Janairu yana neman fuskar nan da ke jikin dutsen, wanda hotonsa ke kan tsohuwar takardar naira 100, zai samu toka-toka ko da wane harafi ya ɗauka. Wanda ya zo da safe bayan ruwan sama ya wanke sararin sama zai samu hoto mai kyau ko da oto. A wannan gefen 'yan oto ke da gaskiya, cewa ido da sanin haske suna gaba da lambobi.

Dukansu kan kafa hujja da Ladi Kwali, kuma ya dace a duba, tunda a nan Suleja abin ya faru, lokacin ana kiransa Abuja. Ta iya ginin tukunya da hannu irin na Gwari tun tana yarinya, har Sarki Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a gidansa, inda Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa, a can ta koyi aiki da na'urar juyi da gashi mai zafi. 'Yan saitin hannu na cewa ga shi nan, hannu ne farko, na'ura daga baya. 'Yan oto na cewa a'a, abin da ta zo da shi ido ne da zane, dabarun na'ura kuwa a 'yan shekaru ta ɗauke su. Labarin bai raba gardamar ba, amma ya nuna abu ɗaya da ake mantawa: a matakan biyu duk tana da mai koya mata a kusa. Yawancin rigimar oto da M rigima ce ta wanda ke koyo shi kaɗai.

Wannan ne ya sa ba na ganin amsa ɗaya za ta wadatar da kowa. Yaron shago da ke ƙarƙashin maigida, yana riƙe masa filasha da jaka, ba a kansa asarar biki take ba, yana da sararin ɓata hoto ɗari a gyara masa; babu dalilin da zai hana shi fara M da wuri. A situdiyo ma, inda ake hoton fasfo da fitila ɗaya da bango ɗaya, M ce mafi sauƙi, domin haske ba ya canzawa, saiti ɗaya zai yi wa mai farar riga da mai baƙar abaya, alhali oto za ta riƙa rawa tsakaninsu. Amma wanda ya sayi kyamara da bashi, ba maigida, kuma an riga an ba shi aikin sunan 'yar maƙwabta ranar Asabar, tura shi M zalunci ne a kansa da kuma a kan masu suna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi Av ko P ta fi masa, da yatsa a kan +/-, ya bar M zuwa ranakun da ba kuɗin kowa a wuyansa. Nau'in kyamarar ma yana sauya lissafi: sababbin da ba su da madubi a ciki suna nuna hasken hoto a taga tun kafin a latsa, wanda ya rage wa M yawancin haɗarinta, yayin da mai tsohuwar 600D da ke leƙawa ta taga sai ya latsa sannan ya ga abin da ya yi.

Abin da na tsaya a kai shi ne koriyar alama ba wurin zama ba ce, kuma M ba lambar girma ba ce da za a rataya wa yaro ranar farko. Abin da ya rage a buɗe shi ne tsawon zaman da ya kamata a yi a tsakiya, da kuma ko wanda ya ji daɗin Av zai taɓa matsawa gaba in ba a tura shi ba. 'Yan saitin hannu na cewa ba zai matsa ba, kuma akwai masu hoto da yawa da suka tsufa a P da ke ba su gaskiya. 'Yan oto na cewa in hotunansa na fitowa kuma masu biki na sake kiransa, ina ruwan wani da harafin da ke kan faifansa. Wannan gardama kam masu sana'ar ne za su ci gaba da yi a tsakaninsu.

Kai kuwa mai karatu da ka sayi kyamara kwanan nan, kafin ka karɓi kuɗin kowa, nemi ɗan'uwa mai farar riga ka tsayar da shi a rana da azahar. Ɗauke shi a oto. Koma P ka ƙara mataki ɗaya ka sake ɗauka. Sannan ka kai shi inuwa ka ɗauki na uku. Ka kai hotunan ukun wurin wani tsohon mai hoto a unguwarku, ka roƙe shi ya duba maka fuskar da wuyan rigar.